Funfuna ta kama min na'a na'a da ɗoɗɗoya, a fesa ko kar a fesa?

Maman Sadiq: Slm jama'ar gida barkanmu da warhaka, ya ruwa. Dan Allah masu shuka a gida ku taimaka min da shawara. Ina da na'a na'a a buhunan siminti a bayan kicin nan Rijiyar Zaki, da ɗoɗɗoya irin mai faɗin ganyen nan da ake sayar da irinta a fakiti, to tunda ruwan Agustan nan ya zauna sai naga ganyen na'a na'ar yana ɗige-ɗige rawaya ta sama, in ka juya bayansa kuma wasu ƙuraje ne ƙanana launin tsatsa, ka shafa da yatsa gari ja-ja ya biyo hannunka, daga baya ganyen ya bushe ya zube tun daga gindi yana hawa sama. Ita kuma ɗoɗɗoyar rawaya take yi tsakanin jijiyoyin ganye, da asuba in na leƙa ƙarƙashi sai inga wani abu toka-toka mai laushi ya manne. Surukata ce ke shan na'a na'ar nan kullum saboda kumburin ciki, yara ma da ita nake musu shayi. Me zan fesa dan Allah

Ɗan Kadawa: Wslm Hajiya. Wannan ai funfuna ce, mu nan da ita muke kwana muke tashi a tumatir da tattasai. Ki aika shagon masu maganin feshi a sayo miki Ridomil Gold ko mankozeb ɗin nan mai rawayan gari, ki dama a ruwa ki fesa da yamma, bayan sati ki maimaita in sha Allah zaki ga canji

Hajiya Babba: Haba ɗan nan, abin da tsohuwa ke sha kullum shi za a yi wa feshin tumatir? Maman Sadiq ki barbaɗa toka da sassafe tun raɓa bata bushe ba, ko ki jiƙa ganyen darbejiya ya kwana ki yayyafa. Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi wa shukar bayan ɗaki.

Abba Sheka: kisa Sniper kaɗan a ruwa kawai komai zai mutu

Anti Nas: Innalillahi, Abba dan girman Allah ka janye maganar nan kar wata ta karanta ta je ta yi. Sniper maganin ƙwari ne baya taɓa funfuna ko kaɗan, kuma guba ce mai kashe mutum, mu da muke aikin jinya mun sha karɓar waɗanda ya shiga jikinsu ana kawo su suna dalalar da yawu numfashi na sarƙewa. Sinadarin da ke cikinsa ne fa ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wakenmu a 2015, NAFDAC ma a 2019 ta taƙaita sayar da shi. Shi za a fesa a ganyen da za a tafasa wa yara?

Baba Malamin Gona: Assalamu alaikum. 'Yata Maman Sadiq kin kyauta da kika juya bayan ganyen kika duba, yawancin mutane sama kawai suke kallo su ce taki ne ya yi kaɗan su ƙara zuba yuriya, abin ya ƙara lalacewa. Cuta biyu ce a gidanki. Ta na'a na'ar ita ce tsatsar na'a na'a, garin nan ja da yake biyo yatsanki shi ne irin funfunar, iska da fantsamar ruwan sama ke ɗaukarsa daga ganye zuwa ganye, yana buƙatar ganye ya jima a jiƙe kafin ya tsiro ya shiga ciki, shi ya sa sai a irin wannan lokaci na marka da rana ke wuni bata fito ba take ƙarfi. Maganinta wuƙa. Ki yanke na'a na'ar gaba ɗaya daidai da ƙasa, kar ki bar ko kara ɗaya don tausayi, ki tsince duk ganyen da ya zuba a bakin buhun ki kwashe saman ƙasar kamar faɗin yatsa biyu ki zuba sabuwa, abin da kika yanke ki ƙone shi ko ki ɗaure a leda a fitar da shara, kar ki zuba a ramin takinki. Na'a na'a tana da rai a saiwa, zata sake tohowa da sauri. Sai ki raba buhunan nan kar su jingina da juna, ki matsar da su daga ƙarƙashin indararo da lungun da iska bata shiga, ki kai su inda hantsi ke fara dukansu. In kuma zaki ba su ruwa a gindi zaki zuba da safe, banda watsawa a kan ganye da magariba.

Ɗoɗɗoyar kuwa ki yi haƙuri, tunda har bayan ganyen ya yi toka-toka ki tuge ta duka. Ki sa mata leda daga sama kafin ki cire don kar garin ya watsu.

Maman Sadiq: Ngd Baba Allah ya ƙara girma. Amma wani abin mamaki, akwai ɗoɗɗoyarmu ta gida da ta fito da kanta a jikin katanga, tana kusa da su amma ita lafiyarta ƙalau ko ɗigo babu

Ummi Ɗalibar Noma: Anti wannan ba abin mamaki bane, mun yi shi a aji. Cutar da ta kama mai faɗin ganyen ta fi son wannan nau'in na Turawa mai laushin ganye, irin namu na gida sun fi jure mata sosai. Tun a shekarun 1930 aka fara rubuta labarinta a Yuganda, sai aka daɗe ba a jin ɗuriyarta, ta sake ɓulla a Suwizalan a 2001, ta shiga Italiya, a 2007 ta isa Amurka ta jihar Fulorida, kuma babbar hanyar da take bi ta tsallaka ƙasashe ita ce cikin iri. Wato zai iya yiwuwa tun a fakitin ta zo miki, ta jira damina ta samu laima ta bayyana. Malaminmu ma cewa yake a ilimance ita ba cikakkiyar funfuna bace, 'yar uwar cutar nan ce da ke ƙone dankalin Turawa a Jos, shi ya sa ba kowane maganin funfuna ke kama ta ba. Ni dai da nice ke ta jikin katangar zan tara wa iri.

Ɗan Kadawa: Baba ranka ya daɗe ina girmama maganarka amma ni ban gamsu ba. Mai buhu huɗu a bayan kicin zata iya yankewa ta ƙone, to wanda ya yi kadada guda fa? Akwai mutanenmu da suke noman na'a na'a da lansir da latas a lambu suna kaiwa Yankaba kullum da asuba, da shi suke ciyar da gida suke biyan kuɗin makaranta, kace masa ya sa lauje ya share gonar ya zauna jiran toho, ya ci me kafin nan? Kuma maganin nan gwamnati ce ta yi masa rajista ake sayarwa a fili, in da guba ne ai da an hana. Tumatir ɗin da kowa ke ci a garin nan wanne ne ba a fesa ba

Baba Malamin Gona: Ɗana maganarka akwai gaskiya a ciki, ni ma shekaru na yi ina koya wa manoma feshi a Kura da Bunkure ban taɓa cewa haramun bane. Amma duba bambancin. Kowane maganin feshi akwai kwanakin da aka rubuta a jikin takardarsa da za a jira tsakanin feshi da tsinka, kuma akwai jerin amfanin gonar da aka yarda a yi amfani da shi a kai. Ɗauko ledar ka karanta ka gaya min ko ka ga na'a na'a a jerin. Tumatir fatarsa sumul take ana wankewa ana dafawa, na'a na'a kuwa ganyen da ka fesa shi ne dai abin da za a jefa a tafasasshen ruwa a shanye ruwan, ga gashi-gashi a jikinsa da ke riƙe magani, ga shi ana tsinkarsa kusan kullum babu wanda zai jira kwanakin. In aka busar kuma ruwan ganyen ne ke tafiya, maganin yana nan ya ma ƙara taruwa a ɗan abin da ya rage. Sannan wa ke shan irin waɗannan ganyayyaki? Mara lafiya, tsoho, mai jego, mai ciki. Garin neman gira kar a rasa ido.

Abu na biyu, mankozeb kariya yake yi a saman ganye kafin cuta ta shiga, ganyen da ya riga ya yi ƙuraje ba zai warke ba ko ka juye masa buhu guda. Kuma Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da shi a 2021 saboda illarsa ga lafiya. Mai kadada ba sai ya share duka rana ɗaya ba, ya raba gonar fegi-fegi yana yanka bi da bi, ya buɗe tazara, ya daina cika yuriya don ita ke sa ganye ya yi laushi cuta ta samu ƙofa, in zai sake dashe ya ɗebo saiwa daga wurin da ba cuta. Akwai ma dabarar tsoma saiwar a ruwan ɗumi mai zafin digiri 44 na minti 10 sannan a tsoma a ruwan sanyi a dasa, tana kashe tsatsar da ke maƙale, sai dai wannan sai da ma'aunin zafi a hannu, in ya wuce kaɗan saiwar ce zata mutu.

Ɗan Kadawa: Na ji Baba. Amma wlh mai saye a kasuwa ganye mai kyau yake nema, in ya ga ɗigo ɗaya ya wuce gaba wurin wanda ya fesa. Mu ake bari da asara

Hajiya Babba: To tokar da na faɗa fa Malam, ko ita ma babu amfani

Baba Malamin Gona: Hajiya tana da nata amfani, tana busar da saman ganye tana korar wasu ƙwari, darbejiya ma tana taimakawa a kan ƙwari da farar funfunar nan ta lokacin sanyi. Amma tsatsar da ta riga ta shiga cikin naman ganye ba za su fitar da ita ba. Bayan an yanke sabon toho ya fito, nan ne ruwan darbejiyar zai yi rana.

Ɗan Dawanau: Ku kuna maganar buhu huɗu, ku tambaye mu abin da funfuna ta yi wa citta a 2023. Kudancin Kaduna, Kachia da Kagarko da Jaba da kewayensu, inda mafi yawan cittar ƙasar nan ke fitowa, cikin damina ganye ya fara rawaya ya ƙone, aka tona ƙasa aka tarar da citta ta ruɓe, manomi ya zuba kuɗin iri da taki da ƙwadago ya tashi babu ko irin da zai mayar baɗi. Hukuma da kanta ta ce asarar ta kai wajen naira biliyan 12. Mu nan Dawanau motocin da muka saba saukewa suka ɗauke, masu fitarwa waje suna yawo da kuɗi a hannu babu kaya, farashi ya ninka ya sake ninkawa har mai shayi da mai kunun aya da mai zoɓo sai da suka ji a jikinsu. Kuma abin bai tsaya a shekarar ba don matsalar iri ce ta biyo baya, citta ai ba ƙwaya ake shukawa ba ita kanta ake gutsurawa a binne, in uwar na da cuta 'ya'yan da ita za su tashi, ga ƙasar ma ta riƙe cutar.

Maman Khairat: Allah sarki shi yasa. Ni tun lokacin tsadar nan na fara binne citta da kurkum a buhu a gida nan Hotoro, bana kuma wasu sun fara rawaya daga ganyen ƙasa, gindin karan ya yi laushi ruwa-ruwa ina ja kaɗan sai ya tsinko a hannuna. Ita ce cutar Kadunan?

Baba Malamin Gona: 'Yata wannan ruɓar gindi ce, kuma kusan kullum kwanciyar ruwa ke kawo ta. Ɗaga buhun ki duba ƙasansa, na tabbata ko ba ki huda shi sosai ba ko yana zaune a kan siminti ruwa na taruwa. Ƙwayoyin da ke kawo ta a cikin ƙasa suke zaune, wata ma iyo take yi a ruwa daga saiwa zuwa saiwa. Ki fitar da buhunan da suka kamu daga cikin sauran, ƙasarsu kar ki sake shuka citta ko kurkum a ciki, masu lafiyar ki ƙara musu huji ki ɗora su a kan bulo, in zaki sake haɗa ƙasa ki sa yashi da ruɓaɓɓen taki wanda ya huce. Ga wani gwaji da zaki yi da kanki, ki yanki karan daga gindi ki rataya bakin yankan a cikin kofin gilas mai ruwa garai, kar ki motsa, in kika ga wani farin abu yana zarara daga karan yana sauka cikin ruwan to bakteriya ce, maganin funfuna ba zai mata komai ba. In ruwan ya zauna garau to funfuna ce. Ɗan Kadawa ka ga a nan ni da kai ba mu da saɓani, irin citta ana iya tsoma shi a maganin funfuna kafin a binne, don tsakaninsa da haƙa wata takwas ne zuwa tara.

Mai Shayi Fagge: Tunda an zo maganar citta bari in yi tawa tambayar. Na sayi busasshiya rabin buhu wajen wani mutum da araha, da na zo zazzagewa sai na tarar ta tsakiyar ta yi kore-kore da baƙi-baƙi a lungunan, tana wani warin gumi. Yarona yace mu wanke mu shanya a rana mu kai inji, tunda dai tafasawa ake yi wuta zata kashe komai. Ya kuke gani

Alhaji Na Kurmi: Ka goge da buroshi ka baza a rana ta yini biyu shikenan. Mu a cikin kayan nan aka haife mu, citta, kanumfari, masoro, kimba, saiwoyi da sassaƙe iri-iri, damina babu wanda kayansa basa ɗan yin fari, rana ce maganinsa tun kakanni

Anti Nas: Alhaji ka yi haƙuri kai babba ne kuma ka fi ni sanin kayan nan nesa ba kusa ba, amma a nan ba zan yi shiru ba. Rana da buroshi suna cire abin da ido ke gani ne. Funfunar nan kore mai ɗan rawaya da ke kama gyaɗa da masara da barkono da citta tana zubar da wata guba a cikin naman abin, afulatoksin ake ce mata, bata da ɗanɗano bata da wari kuma tafasa irin ta shayi ko girki bata kashe ta. A 1960 aka gano ta a Ingila bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu saboda ƙuli-ƙulin gyaɗar da aka haɗa musu abinci da shi, wanda aka kawo daga Barazil. Hanta take ci a hankali, tana cikin manyan abubuwan da ke kawo kansar hanta, kuma ga wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B haɗarin ninkuwa yake sosai, kun kuwa san yadda ciwon nan yake da yawa a cikinmu wasu ma basu san suna da shi ba. Yara kuma tana tsumburar da su. Abin da ya fi damuna shi ne mai ciwon hantar shi ne zai je a haɗa masa jiƙo da sassaƙe ya sha safe da yamma yana neman sauƙi, in kayan sun yi funfuna to ƙara masa ake yi. Malam mai shayi mutum nawa ke zama a teburinka kullum? Dan Allah wadda ta yi koren nan ka zubar, kar ma ka ba dabba don tana fitowa a nonon saniya.

Alhaji Na Kurmi: 'Yata ban ƙi taki ba, amma wanda ya sa jarinsa fa, kina nufin duk abin da ya ɗan yi fari a zubar? Ai sai a rufe kasuwar. Kuma mun ga mutane suna sha shekara da shekaru suna tafiya da ƙafarsu

Anti Nas: Ai matsalar kenan Alhaji, ba ranar da aka sha take kayar da mutum ba balle a gane daga ina ne. Sai bayan shekaru a kawo shi ciki ya kumbura ido ya yi rawaya a ce sammu ne

Ɗan Dawanau: Alhaji gaskiyar Anti ce, mu da muke hulɗa da masu fitarwa mun gani. Turai ta sa iyaka a kan citta da kurkum da barkono, jimillar gubar nan kar ta wuce maikurogiram 10 a kilo guda (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), ana ɗiban samfur a kai ɗakin gwaji in ya haura a ƙi kayan ko da kuwa a ido sun yi fes. To wanda aka ƙi ina yake komawa, kasuwarmu ta gida mana, mu muke shanye shi. Ni abin da na koya shi ne asarar tun a shanya ake yin ta. A tsaga citta a baza a ƙasa tsirara, raɓa ta sauka a kai da dare, bata gama bushewa ba a ɗura a buhun leda don a riski kasuwa tana da nauyi, wasu ma har yayyafa ruwa suke wa zoɓo don sikeli. Busasshiyar citta ta gaskiya in ka karya ƙas zaka ji ta karye, in ta lanƙwashe da sauranta. Zoɓo kuma ka damƙa a hannu ka ji yana ƙaras-ƙaras. A sito a ɗora buhu a kan katako a bar tazara da bango, kar a jingina, rufin da ke yoyo a gyara kafin ruwa ya sauka.

Alhaji Na Kurmi: Wannan na katako gaskiya ne, rumfunanmu na cikin Kurmi ƙasan akwai sanyi ga Jakara a kusa, wanda ya ajiye buhu a ƙasa da damina shi ya sani. Ni a kan benci nake jera nawa, saiwoyi kuma a rataye

Hajiya Babba: Ni zogale da na'a na'a da tazargade a ɗaki nake shanya su a kan tabarma, jikata tace wai in fitar rana sun fi saurin bushewa

Ummi Ɗalibar Noma: Hajiya naki ne daidai, ganye mai ƙamshi a inuwa ake busar da shi inda iska ke ratsawa, don man da ke ba shi ƙamshi da amfani a wasu 'yan ƙananan jakunkuna yake a fatar ganyen, zafin rana na korar shi, zogale ma rana na rage masa sinadaran gina jiki ya koɗe. Sai dai da damina ɗaki a rufe shi ma hatsari ne, ki baza shi siriri kar ya hau kan juna, a kan raga ko faifai da aka ɗaga sama ya fi tabarma a ƙasa, ki riƙa juyawa, in ya kwana biyu yana laushi bai fara ƙaras ba gara ki kunna masa fanka. Kuma kar a zuba a kwalba ko roba a rufe sai ya bushe sarai, in kika ga gumi a jikin kwalbar daga ciki ki juye ki sake shanyawa tun kafin ya yi fari. Ganyen da ya yi tsatsa ko ɗige tun a jikin uwarsa kuma kar a haɗa shi a shanya, ƙamshinsa ma ya riga ya ragu.

Baban Amira: Baba Malamin Gona ni tawa matsalar da sanyi take zuwa ba da damina ba. Hulba da kuɓewa da na shuka bara a Dorayi ganyen duk ya yi fari fat ta sama, na ɗauka ƙurar hunturu ce na wanke, kwana kaɗan ya dawo. Sannan zogalen da na zuba a leda yana fitowa da kyau sai in wayi gari ya kwanta, gindin ya tsuke ya yi baƙi

Baba Malamin Gona: Farar ita ce mai sauƙin cikinsu don a saman ganye take zaune, kuma ita bata buƙatar ruwan sama, rana da ɗumi dare da sanyi da raɓa shi take so. Ka cire ganyen da ya fi kamuwa, ka samu farin garin sodar girki wato bekin soda, ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa da ɗan ɗigon sabulun ruwa ka fesa da yamma, ka fara gwadawa a reshe ɗaya ka ga ko bai ƙone ba. Madarar shanu ma kashi ɗaya a ruwa kashi tara ana fesawa da safe. Tun tana ɗigo-ɗigo ake farawa, in ta rufe ganye an makara.

Zogalen kuma ruwa ka cika masa, da iri da ka zuba da yawa wuri ɗaya, da ƙasar da ta riga ta ɗauki cuta. Wanda ya kwanta ba ya tashi. Gyaran ƙasa kuwa Allah ya ba mu shi kyauta a Kano, zafin Maris da Afrilu zuwa Mayu da ke kaiwa digiri 40. Ka baza ƙasar da zaka cika leda da ita ko ka gyara bedin, ka jiƙa ta sosai, ka rufe da farar leda mai nuna ciki ka danne gefunan da ƙasa kar iska ta shiga, ka bar ta sati huɗu zuwa shida rana na dafa ta. Yawancin ƙwayoyin cutar da ke sama-sama da irin ciyawa mutuwa suke. Maman Khairat ke ma ƙasar buhunanki haka zaki yi mata.

Baban Amira: Baƙar leda fa Baba, ita nake da ita

Baba Malamin Gona: Farar ta fi, ita ke barin rana ta ratsa zafin ya taru a cikin ƙasa, baƙar kanta take ɗumamawa. Ka nemi farar a kasuwar Sabon Gari wajen masu leda, mara kauri sosai ma ta isa in dai bata huje ba.

Mai Shayi Fagge: To na ji, na ware mai koren zan zubar. Ta gefen da ban ga komai a jikinta ba fa, buhu ɗaya suka kwana

Anti Nas: Ka karya kaɗan-kaɗan ka duba cikinsu ka shinshina, duk wadda cikinta ya canza launi ko ta yi laushi ko take warin nan ka haɗa da na zubarwa, waɗanda ke manne da masu koren ma haka. Kuma dan Allah ka daina sayen niƙaƙƙiya wadda baka ga asalinta ba, nan ake ɓoye irin wannan

Ɗan Dawanau: Ka koma wa wanda ya sayar maka da samfur a hannu, in ɗan kasuwa ne na gaske zai rage maka wani abu. Nan gaba kuma ka sa hannu har tsakiyar buhu kafin ka biya, ko ka sa a zazzage a gabanka. Sabuwar citta sai wajen Disamba zuwa Janairu take shigowa da yawa lokacin iska ta bushe, in kana da hali ka sayi ta shekara a lokacin, ka yi min magana ta akwati in haɗa ka da yaranmu.